Ƙulli bai fi saƙa ƙarfi ba

'Yan uwa masu hawan dabino a gonakin Madina, don Allah mu daina cewa ƙulli ya fi saƙa bakin igiya ƙarfi. Wallahi ba haka bane, ƙulli lanƙwasa zaren yake sosai har igiya ta iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, ita kuwa saƙa mai kyau kusan duka take riƙewa. In nailan ce mai tufka uku a buɗa ta da tsinken katako mai santsi, banda ƙusa ko wuƙa, suna yanka zare ta ciki baka gani ba, kuma kowace tufka ta bakin a cusa ta cikin jikin igiyar sau 5 aƙalla don nailan akwai sulɓi. Igiya mai riga da ciki kam, wato mai zare a ciki da wani saƙaƙƙen rufi a waje, sai ka koyi saƙa ta wajen gwani tukuna.