Likitan wake da ƙwari suka cinye wa wake

Ni fa likita na so zama. Ranar da aka ce mu feɗe kwaɗo a aji, kwaɗon yana kwance ni ma na kwanta, sai da aka yayyafa mini ruwa. Daga nan na gane rabona a baki yake, na koma gidan rediyo ina shirin kimiyya da noma a nan Maraɗi. Son ƙwari dai bai sake ni ba. Gwangwanayen tumatir nawa na cika da fara da buzuzu a bayan ɗaki, uwargida Allah ya ba ta haƙuri.

Shirin da ya fito da ni shi ne na buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje. Ka zuba wake, ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban. Ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba ko ɗigon magani. Na maimaita wannan har 'yan kabu-kabu suka sa mini suna Likitan Wake.

Da kaka na sayi tiya arba'in na ɗaure nawa. To, mai son ƙwari zai iya barin su mutu bai gani ba? Kowace safiya sai in kwance in leƙa da tocila, in rubuta a littafi: "Har yanzu da ransu." Abin ya ɗaure mini kai, har na soma shirin kiran wani masani in tsare shi da tambaya.

Wata uku Inna ta zo daga ƙauye, ta ce a ɗebo na ƙosai. Ta sa hannu, ta fito da wake duk huji kamar rariya.

"Kai, sau nawa kake buɗe shi?"

"Sau ɗaya tak a rana, Inna. Bincike ne."

"Ashe kai ke yi musu fifita." Ta karkaɗe hannu. "Nawa tun bara yake a ɗaure, ko ƙwaro ɗaya babu."

"Wa ya koya miki?"

"Wani yaro ne a rediyo. Muryarku ma ɗaya, sai dai shi yana da hankali."