Bakano da Bazazzage a Bakin Gareji

(Winnipeg, ƙasar Kanada, watan Nuwamba. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Bakano ya tayar da injin da ke kwashe ta yana feso ta gefe ta bututu, ya nufi hanyar tsakuwa da ta taso daga titi zuwa garejinsa. Maƙwabcinsa Bazazzage ya leƙo ta kan shinge.)

BAZAZZAGE: Alhaji, kashe injin nan! Dusa kake kwashewa ko harbin tsuntsu ka fito? Tsakuwa uku na ji a rufin motata.

BAKANO: Ina ruwan biri da gada? So nake in kankare ta tas, sai na ga ƙasa.

BAZAZZAGE: Nan ka ɓata rawarka da tsalle. Hanyar tsakuwa ba a kankare ta. Dusar farko, in ba ta wuce santimita 5 ba, barin ta ake yi. Ka bi ta kai da mota, gaba da baya, har ta danne. Sanyi ya daskarar da ita, ta riƙe tsakuwar kamar daɓe. A kan daɓen nan za ka yi ta kwasa har watan Maris.

BAKANO: Wato in yi rabin aiki in koma ɗaki, irin na Zagezagi.

BAZAZZAGE: Bawa ba ya gane gata. Duba gefen bakin injin, dama da hagu. Ka ga ƙarafan nan biyu masu jan ƙasa? Takalmansa ke nan. Kai shi kan simintin gareji, ka sa katako mai kaurin santimita 3 a ƙarƙashin wuƙar da ke kankara. Ka sassauta notina da sifana, takalman su sauko su taɓa ƙasa, ka ɗaure, ka zare katakon. Su yi daidai da juna fa, in ba haka ba zai riƙa ɗingishi yana haƙa gefe guda.

BAKANO: Da na sani ƙaramin nan mai araha na saya.

BAZAZZAGE: Mai fiffiken roba? Araha ba ta ado. Shi ƙasa yake lasa, na kwalta da siminti ne. Ka ɗora shi a tsakuwa, tagogin unguwar nan sun shiga uku. Wannan ɗin ma ka juya bututunsa inda iska ta dosa, ba wajen taga ba, ba wajen motata ba.

(Bakano ya yi biris, ya tura inji. Ƙwas! Ƙarfen gaba mai tattaro dusa ya daina juyawa.)

BAKANO: Wayyo kuɗina!

BAZAZZAGE: Dutse ya haɗiya. Ƙusar da ke riƙe ƙarfen ce ta karye, kuma don ta karye aka yi ta.

BAKANO: Da gangan aka sayar mini da ƙusa mai karyewa? Ina da wata ta baƙin ƙarfe, ko giwa ba ta lanƙwasa ta.

BAZAZZAGE: Sa ta mana. Gobe dutse ya sake shiga, ita ta ƙi karyewa, giyar inji ta karye a madadinta. Ƙusa kuɗin shayi ce, giya kuɗin rago. Sayi irin tasa guda 4 ka ajiye. Kai! Fitar da hannunka daga bututun nan!

BAKANO: Ai a kashe yake.

BAZAZZAGE: Ko a kashe, fankar ciki tana nan a ɗane kamar tarko. Kana zare abin da ya toshe ta sai ta zabura, ta tafi da yatsun ƙirga kuɗi. Da sanda ake zungura.

BAKANO: To na haƙura da inji. Ga gishiri buhu biyu, in watsa kowa ya huta.

BAZAZZAGE: Miya za ka yi? Gishiri zai narkar da daɓen, ruwa ya ratsa tsakuwa, hanya ta koma caɓi, taya ta yi mata kwari. Kuma sanyi na wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu, nan kuwa a Janairu ana zarce 20. Yashi ake barbaɗawa saboda santsi. Sannan yau ɗin nan, tun ƙasa ba ta gama daskarewa ba, ka kafa turaku masu ƙyalli a gefen hanya, taku huɗu tsakani. In dusa ta rufe ko'ina, su za su nuna maka inda hanya ta ƙare, ciyawata ta fara.

BAKANO: (yana kallon tulin dusa) Yanzu duk wannan ƙanƙarar ba mai saye? Da a Kano ne da azumi, da na yi gida a Nasarawa.

BAZAZZAGE: Kai dai tanadi manjagara. In ta narke a Afrilu, za ka zo ka tsince tsakuwar da ka watsa mini a ciyawa, kafin injin yankan ciyawata ya haɗiye ta.

BAKANO: Au, tana wajenka? Tawa ce, da kuɗi na sayo. Ko ka dawo da ita a wanke, ko mu yi ciniki.