Yadda Aka Kama Ni da Homa a Argungu

Duk abin da ya same ni a Argungu bakina ne ya jawo mini. Da na ja bakina na yi shiru a majalisa ran nan, da yanzu ina nan da mutuncina da hulata.

Muna zaune ne da la'asar a ƙofar shagon telanmu, sai muka ji a rediyo cewa za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, bayan an yi kusan shekara goma ba a yi ba. Ni kuwa ina da wani aboki Bakabe da muka yi makaranta tare, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Bakatsine da Bakabe: ba a gaisawa sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Nan take na buga masa waya, na buɗe murya don kowa ya ji. Na ce, "Kai bawana, share ɗaki, ubangidanka zai zo kallon wasan ruwan nan naku."

Ya ce, "Taho mana. Amma ka tsaya bisa tudu, don Bakatsine bai san ruwa ba sai na buta."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ni kuma don kada in sha ƙasa a gaban jama'a, sai na ce ai ni a cikin ruwa aka yanke mini cibiya, in na yi nutso sai an shafa fatiha in ɓullo. Alhali iyakar tarihina da iyo shi ne wani kududdufi da ke bayan gidanmu, ina ɗan shekara tara, ruwan ma iya cibiya. Abin da na samu a ciki kuwa biyu ne: tsargiya da bulalar Baba.

A gida ma ban bari ba. Na ce wa uwargida ta aro babbar tukunyar nan ta suna, giwan ruwa zan kawo mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ka dai dawo mana da kanka."

Na ɗauko farar shaddata ta Babbar Sallah, wadda har lokacin tela yake bi na cikon kuɗin ɗinkinta, na kai aka buge ta har tana ɗaukar ido. Na haɗa da hula zanna da sabon takalmi sau-ciki. Muka bi ta Funtuwa, Gusau, Talata Mafara, muka kwana a Sakkwato, da safe muka ƙarasa. Garin ya cika ya batse, ko'ina ka duba mutum ne da ƙatuwar gora a ka. Ɗakin da na ce a share mini kuwa zaure ne, mu takwas a ciki, har da wani mai minshari kamar injin markaɗe.

Amma gaskiya Kabawa sun iya karɓar baƙo, wannan ko ni da nake ubangidansu ba zan yi musu ba. Tuwon shinkafa da miyar kifi har sai ka ce a bari. Da daddare mahaifin abokina, tsohon masunci ne, ya zauna yana ba mu labarin asalin bikin. Ya ce bayan shekaru masu yawa ana gwabza yaƙi tsakanin Kabi da Sakkwato, a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, sai Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta aka shiga ruwa don a karrama baƙo da abin da ƙasar ta fi tinƙaho da shi. Daga nan abin ya zama al'ada, har a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Daga nan tsoho ya gangara kan Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa Surame, da yadda Kabawa ba su taɓa sunkuya wa kowa ba. Na ga abin yana neman yin yawa, sai na ce, "Baba, ai an ce Kantan ma daga ƙasar Katsina ya fito."

Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Awo. Da ya ga irinku shi ya sa ya baro ta."

Kafin babbar ranar mun leƙa gidan tarihin Kanta, muka ga masu da takubba da tambura, sannan muka je kallon kabanci. Nan ne ake tseren kwale-kwale, da gasar nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwa. A saki agwagwa a ruwa, ƙarti su bi ta, ita ta nutse nan ta ɓullo can, su kuma su yi ta cafkar juna. Na ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya nutse, na ƙirga har na gaji na fara salati, sai ga shi ya fito da tarwaɗa a hannu yana dariya. Cikina ya ɗuri ruwa, amma da abokina ya waiwayo sai na taɓe baki na ce, "Ba laifi, suna ƙoƙari."

Ranar Asabar ita ce ranar. Kogin da ake shiga sunansa Matan Fada, kuma duk shekara ba a yarda kowa ya jefa ko ƙugiya a wurin ba sai ranar biki, shi ya sa kifin ke samun sukunin ƙiba. Sarkin Ruwa ne ke da iko da wurin, an ce ma kafin a shiga sai ya sallami kadoji sun ba da wuri. Abokina ya samar mini wurin tsayuwa mai kyau a cikin 'yan kallo, ya ce kada in motsa. Sai dai daga nan masuntan can nesa nake hango su, kamar tururuwa, ni kuma na yi wa majalisa alkawarin hoto. Hoton da za a ga ni, a ga su, a san na zo.

Sai na sulale. Na zagaya, na ratsa ta bayan masu sayar da rake, wani ɗan sanda ya daka mini tsawa na yi kamar da wani yake, har na ɓulla wani fili tsakanin masunta da bakin ruwa. Na yi mamakin yadda wuri mai kyau haka babu kowa. Har na ce a raina, Kabawa dai ba su san wurin kallo ba.

Ga su nan a jere, dubbai, iya ganinka. Kowa tsirara sai gajeren wando, da gorarsa, da homarsa mai baki biyu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Babu mai magana, duk sun zuba wa ruwa ido. Na juya musu baya, na gyara zaman hula, na saɓa hannun riga a kafaɗa, na ɗaga waya zan ɗauki selfi.

Ana cewa bindiga ake harbawa a fara. Ni dai ban ji wata bindiga ba. Abin da na gani a fuskar waya shi ne mutanen da ke bayana sun fara girma. Sai ƙura ta tashi. Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin sau-cikina.

Na yi niyyar gudu, amma mai babbar riga ba ya gudu, sai dai ya yi sauri cikin natsuwa. Taku uku na yi suka iso. Gorar farko ta same ni a ƙeya, ƙwal, hula ta yi sama, ban sake ganin ta ba. Daga nan ƙafata ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Wani ya ɗauke ni da kafaɗa ya miƙa wa wani, wannan ya miƙa wa na gaba, ina ta faɗin "Ku tsaya, ni baƙo ne! Ni ɗan kallo ne!" Wa zai ji ka? Mutumin da ya shekara goma yana jiran wannan awa ɗaya, ga mota da kujerar Makka a gabansa?

Sai ji na yi tsundum.

Da farko rigar ta kumbura ta taso kamar laima, na ce alhamdu lillahi, ashe shadda ma tana ceto. Kafin in rufe baki ta sha ruwa ta zama kamar buhun siminti, ta ja ni ƙasa. Ruwan kuwa ya riga ya zama kunu saboda laka. Na sha na farko, na sha na biyu. A nan na tuba daga dukkan zunubaina, na yi alkawarin in na fita zan biya tela kuɗinsa har da na goro. Sai na ji wani abu yana motsi a jikin cinyata. Na ce shi ke nan, ga kadan da bai ji sanarwar Sarkin Ruwa ba.

Ina cikin haka sai na ji raga ta rufe ni tun daga kafaɗa, an ja da ƙarfi. Wasu samari biyu ne suka ga wani farin abu ƙato yana birgima a ƙarƙashin ruwa. Ina jin ɗaya yana ihu, "Ga ta nan! Giwa ta! Riƙe da kyau!" Ɗayan har ya rungume ni ta baya yana laluben inda zai zura igiya. Suka ɗago ni da kabbara.

A rayuwata ban taɓa ganin mutanen da suka yi baƙin cikin ganin fuskata kamar yaran nan ba, har da waɗanda nake bi bashi. Ɗaya ya ce, "Wanga wane irin abu na?" Ɗayan ya ce, "Mutum na." Suka zazzage ni daga homa kamar shara, suka yi gaba.

Na cafki gorar wani dattijo da ke wucewa, ya kwanta a kanta yana tuƙi da ƙafa. Na rungume ta ina kururuwa, "Baba ka cece ni, zan mutu!"

Ya ce, "Sakam min gora."

Na ce, "Baba, ina da 'ya'ya huɗu!"

Ya dube ni, ya ji harshena, ya ce, "Kai Bakatsine na ko? To miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya ƙugu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a wurin ba. Makaɗa suna wucewa a kwale-kwale suna kiɗa, masunta suna nutsewa suna ɓullowa ta ko'ina, ni kuma ina tsakiya da babbar riga kamar limamin da ya ɓata hanya. Da na taka zan fita, laka ta riƙe takalmi ɗaya, na bar mata. Sai a bakin gaɓa na lura hannuna na dama yana sama tun ɗazu, kamar mai rantsuwa a kotu, waya na ciki, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Duk jikina ita kaɗai na ceta.

Kadan nan kuma yana nan yana motsi. Na zura hannu a aljihu a hankali, sai na ji wani abu ya soke ni har cikin ƙwaƙwalwa. Ɗan ƙurungu ne, bai fi tsawon yatsa ba, ya shige aljihun ya baje ƙayoyinsa. Wanda ƙurungu bai taɓa soka ba bai san zafi ba. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya ina yarfe hannu, yara suka taru suna tafi, sun ɗauka wata rawa ce ta baƙi.

Haka abokina ya same ni. Bai ce komai ba, ya zauna a ƙasa, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi sai ya ce in kawo wayar ya riƙe mini kada ta jiƙe. Na ba shi, har ina gode masa. Ashe a cikin ruɗewa ba hoto na danna ba, bidiyo ne, kuma ya ɗauki komai, tun daga gyaran hula har zuwa "ina da 'ya'ya huɗu".

Muka je wurin awo. Kifin da ya zo na ɗaya a shekarar kilo 78 ne, sai da ƙarti suka taru suka ɗauko shi, bakinsa kaɗai zai haɗiye kan mutum. Abokina ya tambaye ni nauyina, na ce 71. Ya ce, "Da rigarka jiƙe ka haura tamanin. Yaran nan sun yi wauta, da sun kai ka sikeli da sun hau mota." Mahaifinsa ya ce a'a, alƙalai ba za su yarda ba, tun da aka taɓa kama wani ya shigo da kifin wani kogi suke duba kowane kifi da kyau, za su gane wannan daga Katsina aka kawo shi.

A tasha na sayi bandar kifi ta dubu uku, na shirya labarina tsaf: giwan ruwan na kama, amma ba ya shiga mota, sai na sayar na sayo wannan. Tun daga Gusau nake maimaitawa. Na yi sallama na shiga gida, sai na tarar da babbar tukunyar suna a tsakar gida an wanke ta an kife, uwargida na zaune a gefenta da waya a hannu, yara huɗu sun kewaye ta. Daga cikin wayar na ji muryata tana cewa, "Ni ɗan kallo ne!"

Ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. A ɗora tukunyar, ko kai za ka shiga?"

Bayan 'yan makonni aka kulle gari saboda korona, kowa na zaune a gida ba abin yi, ba abin kallo sai ni. Har daga Maraɗi wani ɗan'uwanmu ya turo mini bidiyon, wai in kalla in sha dariya, wani sakarai ne a Argungu. A majalisa yanzu ba mai kiran sunana, sai Giwan Ruwa. Tela ma da na kai masa cikon kuɗinsa ya ce in bar shi, ya riga ya fanshe.

Kwanan baya Bakaben ya turo mini hoton wani tsoho a masallacin Juma'a, sanye da hula zanna mai ruwan toka, ta zauna masa daram. Na ƙara girman hoton na duba, har ɗan tabon turaren da ke gefenta yana nan. Na buga masa waya na ce a karɓo mini kayata. Ya ce ya yi magana da tsohon, ya ce a cikin homarsa ya same ta ranar gasa, kuma duk abin da homa ta kama na mai homa ne, in kuwa ina ja, to in tuna ni ma akwai yara biyu da ke da haƙƙi a kaina.