Bargon bazara, da hular da ba mu san mai ɗinkinta ba

A ɗakin karatu na unguwarmu a nan jihar Ohio akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin kwilt, wato bargon nan da Amurkawa ke haɗawa da ƙyallaye. Yawancinsu dattawa ne da suka ajiye aiki. Bana sai suka sa wa junansu gasa: kowace ta zana bargonta da kanta, ban da kwafa daga littafi, kuma ya zama a kan bazara. Ranar da aka baje su, maigidana ya zo ɗaukata sanye da hularsa ɗinkin hannu. Wata tsohuwa, wadda nata bargon ya fi tara jama'a, ta baro mutanenta ta zo ta roƙe shi ya cire ta gani. Ta gyara tabarau, ta juya cikin hular waje, tana bin zaren da farce. Can ta ɗago ta ce, "Wace ce ta ɗinka wannan?" Ya ce a kasuwa ya saya. Ta ce ta ji, amma sunan mai ɗinkin take tambaya. Ya dube ni, na dube shi. Wallahi har muka isa gida ba wanda ya ce wa wani uffan.

Sai kun ga yadda suke aikin nan kafin ku gane dalilin tambayarta. Bargon hawa uku ne: fuska da ake haɗawa da ƙyallaye, shimfiɗar auduga a tsakiya, sai shafi a baya. Fuskar ce ke cin rai. Kafin a taɓa yadi, sai an zana komai a takarda mai layi-layi, an lissafa kowane yanki. Ƙa'idarsu ita ce kowane ɗinki ya ci kwatan inci daga bakin ƙyalle, ba ƙari ba ragi. Murabba'in da ake so ya fito inci 12, to inci 12 da rabi zai kasance kafin a haɗa shi da 'yan uwansa. Kuskuren da bai kai kaurin zare biyu ba, in ya maimaitu a jere guda, sai ki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, furen ya karkace. Ba su cika yanka da almakashi ba. Akwai wata wuƙa mai faifai da ake garawa a jikin rula, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tana yanka yadi ninki huɗu a gari ɗaya. Duk ɗinki ɗaya sai an tashi an bi shi da dutsen guga, a kwantar da bakin zuwa ɓangaren da ya fi duhu don kada ya nuna ta fuska. Suna kuma kafa farin yadi mai gashi-gashi a bango, ƙyalle na manne masa ba tare da fil ba, su jera, su ja da baya su duba, su sake jerawa. Wata ta nuna min dabarar ɗaukar hoton jerin da waya a mai da shi baƙi da fari, don a ga ko haske da duhu sun rabu sosai, tunda launi yakan yaudari ido.

Tsohuwar nan faɗuwar rana a Tafkin Erie, babban tafkin da ke arewacin Ohio, ta ɗinka. Ƙasan bargon sirara-siraran shuɗi ne, ya fi kala goma, yana tashi daga mai duhu zuwa mai haske har ya tarar da ruwan goro da ja inda rana ke faɗuwa. A gefe ɗaya furannin nan masu bin rana, kowane kunne an yanka shi daban an naɗe bakinsa da hannu. Ɗinkin da ya ratsa hawa ukun ya riƙe su ma bai tafi a miƙe ba, a ruwa yana lanƙwasa, a sama yana bazuwa daga rana. Wasu daga cikin shuɗin, in ji ta, rigunan marigayi mijinta ne. Kuma kada ku yi mamakin yadda suke wa bazara wannan gata. Mutanen da suka yi watanni ana duhu tun wajen ƙarfe biyar, ƙanƙara ta rufe ƙofa, in Yuni ya zo rana ta kai tara na dare ba ta faɗi ba, dole su yi mata bargo. Kankana, tabarau, jirgin ruwa, ƙwarin nan masu walƙiya da dare, duk na gan su a jikin yadi ranar.

A bayan kowane bargo, can kusurwar ƙasa, akwai ɗan farin ƙyalle da aka ɗinka: sunan bargon, sunan wadda ta zana ta ɗinka, gari, shekara. In wata ce ta yi mata ɗinkin ratsawa da babban keke, ita ma sunanta na nan. Ba ko ɗaya da na ɗaga ban tarar da wannan ƙyallen ba.

To a nan ne nake cewa sun fi mu, kuma ba da hannu suka fi mu ba. Ni dai ban ga allurar da ta kai ta hular nan ƙanƙanta a duk ɗakin ba, ita ma tsohuwar ta faɗa da bakinta. Kun san yadda ake yinta, kun san su wa ke yi, kun san hannu nawa take bi kafin ta hau kan mai ita. Kowa a cikin layin nan yana da suna ban da wadda idonta ya tsiyaye. Haka aikin babbar riga. Mutum zai gaya maka wanda ya sayar masa, zai gaya maka nawa ya biya tun ba ka tambaya ba, amma mai allurar sai dai "wasu mata ne ke yi."

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa wa kaina a mota. Waɗannan mata ne masu fansho da wutar da ba ta ɗaukewa, sun rasa abin yi. Akwai gaskiya a ciki. Ni kaina har yau abin na ba ni dariya, a je kanti a sayi sabon yadi dal, a yayyanka shi gutsi-gutsi, a zauna wata da watanni ana mayar da shi. Akwai wadda ta cika ɗaki guda da yadin da ko ta shekara ɗari ba za ta ƙarar ba. Ga shi bargon bazara, wanda sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki sannan a iya rufa da shi. Kuma da yawansu kaɗaici ne ya kawo su, 'ya'ya sun watse jihohi, sai waya ranar biki. Tsohuwarmu da jikoki ke hawa kanta ba ta buƙatar ƙungiya.

Amma zancen kuɗi da hutu bai tsaya da ƙafarsa ba. Harriet Powers a cikin bauta aka haife ta a jihar Jojiya a 1837. Bargon da ta ɗinka da labaran Baibul ta nuna shi a wata kasuwar baje koli a 1886, yau yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington da sunanta. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata da kogin Alabama ya kusa zagayewa, da tsofaffin wandunan gona da buhuna suka riƙa haɗa nasu don sanyi kawai, a gidajen da iska ke shiga ta bango. A 2002 aka rataya bargunansu a gidan zane na Houston, daga nan aka kai su gidan zane na Whitney a New York, a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a jikin kan sarkin wasiƙa. Gaskiya ne an daɗe ba a waiwaye su ba, kuma masu tara kayan tarihi ne daga waje suka fito da su. Duk da haka da aka zo, an tambayi wace ta yi wanne, an rubuta, shi ya sa yau ake kiran irin su Mary Lee Bendolph da suna. A garin Paducah na jihar Kentucky akwai gidan tarihi sukutum na barguna kaɗai tun 1991.

Wani zai ce kunya ce, matar aure ba ta tallan sunanta. Ban yarda ba. Mai ƙunshi an san ta da suna, mai kitso an san ta, har layi ake mata. Sai mai allura ce kunya ta kama? Wanda ɓoye sunan ke amfana shi ne mai tsakiya, don ranar da mai saye ya san ƙofar gidan, cinikinsa ya ragu. Zare ɗaya na ja a cikin hula ya isa a sa alama, ko harafi biyu ne.

Ni ma na shiga gasar, ko da yake nawa bai kammala ba. Da na zauna da takarda sai na rasa abin zanawa, don bazarar da ke cikin kaina ba wadda ake ɗoki ba ce, wadda ake jira ta wuce ce. Abin da ya fito min shi ne hadarin farko: rabin bargon ƙasa ja a bushe, rabin sama baƙi ƙirin yana tahowa daga gabas. Matan suka ce in sa atamfa a ciki, har wata ta kawo min 'yan yankuna da ta saya a kanti an rubuta musu "na Afirka" kurum, ba ƙasa ba kamfani. Ina da zannuwan Inna guda biyu da suka zo rabona, launinsu ya dace da jar ƙasar nan ƙwarai. Na fito da su, na shimfiɗa, na ɗora rula, hannuna ya ƙi. Su a wurinsu yanka rigar mamaci girmamawa ce. Ni kuwa gani nake in na yanka, ranar da 'yata ta girma ba ni da abin da zan ɗaura mata in ce na kakarki ne.

Sai na kira ƙanwata na ce ta je wurin telanmu ta tara min ragowar ƙyallayen ɗinkin gidanmu, na Sallah da na biki, duk wanda ta samu, ta rubuta min na wace ce kowanne, ta ba mai zuwa. Ta yi dariya har da tari. "Yaya, duk kayan Amurka ba su ishe ki ba, sai sharar shagon tela?" Na ce eh, ita nake so, kuma ta tambayo min cikakken sunan telan, don shi ma zai shiga bayan bargon.