Ƙannena, Me Kuke Yi Wa Tafi?

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu na ga abin da ya hana ni barci. Samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon bidiyon wani jirgin ƙasa da aka jefa wa bam a yaƙin Rasha da Yukiren. Da wuta ta tashi sai ihu da tafi, wani har yana cewa a maimaita, kamar an zura ƙwallo a raga. Wallahi ƙannena, kun ba ni kunya.

Ko ɗayanku ya tambayi kansa su waye a cikin taragon nan? A lokacin yaƙi jirgin ƙasa ne ke kai sojoji da harsasai da abinci bakin daga, shi ne kuma ke dawo da masu rauni da gawarwaki. Shi ya sa abokan gaba ke fara neman layin dogo da gada da tasha. Direban da ke jan sa cikin duhu, da leburan da ke fita gyaran layin da aka fasa tun ƙura ba ta lafa ba, magidanta ne masu 'ya'ya kamar iyayenku. Ranar 8 ga Afrilun 2022 makami mai linzami ya faɗa tashar jirgin ƙasa ta garin Kramatorsk a Yukiren, mutum fiye da 50 suka mutu, har da yara, suna jiran jirgin da zai fitar da su daga yaƙin. Wannan kuke yi wa tafi?

Yaro bai san wuta ba sai ya taka. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan sun shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 daga Tailan zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) don kai wa dakarunsu kayan yaƙi. Aikin tilas ne, cikin kurmi, da yunwa da kwalara da zazzaɓin cizon sauro. Kafin a gama lissafi fursunonin yaƙi fiye da 12,000 sun mutu a kansa, leburori 'yan yankin kuwa dubun-dubata. Da a ce akwai waya a 1943, ina jin da kun raba hotunansu kuna dariya.

Kuma kada ku ce abin na nesa ne. Kakana yana cikin waɗanda aka loda a tarago daga Kano zuwa Ikko, aka sa su jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama. Sunan barikin Chindit na Zariya daga wannan yaƙin ya fito. Ya dawo da ransa, abokai biyu da suka shiga tarago ɗaya da shi ba su dawo ba. Ku da kanku kun ga abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, kun ga yadda iyalai suka yi watanni suna kuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba tafi ba.

Da ma halin ya bi jiki. Mota ta kife, mutum na kwance cikin jini, ku kuna ɗaga waya maimakon ku ɗaga shi. Kuɗin da uwa ta tara da sayar da ƙosai ya ƙare a data da cacar ƙwallo. Sai gardama a Facebook, wannan ɗan Rasha, wancan ɗan Amurka, alhali ko ƙarar bindiga kuka ji a bayan gari kun fi kowa gudu.

Ku ji tsoron Allah, ku gyara. A da, ko gawar baƙo aka wuce da ita majalisa kan yi tsit, a miƙe a yi addu'a. Kakana har ya rasu bai taɓa ba mu labarin yaƙi da dariya ba. In jirgi ya yi kuka zai wuce, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya sunkuyar da kai yana salati har ƙarar ta ɓace.