Ƙamariyyar Sana'a: jibsin ne aikin, shi ya kamata a kare

A tsohon birnin Sana'a na ƙasar Yaman, kusan kowace taga tana da rabin da'ira a samanta, cike da gutsattsarin gilashi ja da shuɗi da kore. Ita ce ƙamariyya, kuma irinta na nan a masallatan Alƙahira na zamanin sarakunan Mamluk da tsofaffin gidajen Dimashƙa. Yau duk gilashin da aka zana wa tauraro ko aya sai a kira shi gadon Musulunci, har da ledar da ake mannawa a tagar alminiyam. A ganina wannan ragin daraja ne. Gilashin kowa na iya saya, gwanintar tana hannun mai sassaƙa jibsi, wato garin nan da masu silin a garuruwanmu ke kira POP.

A majami'un Turai da dalma ake haɗa gilasai, a zana fuskoki da fenti a gasa. A Masar da Sham da Yaman ba a taɓa gilashin da fenti. Launinsa tun daga murhu yake: ma'adinin kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wutar, ma'adinin manganis ya ba da shunayya. Zanen kuwa jibsi ne ke ɗauke da shi.

Ana gasa dutsen jibsi a zafin da ya kai kusan digiri 150, a niƙa. Wajen kwaɓi, kilo 10 na gari yana cin ruwa kamar lita 7, kuma garin ake barbaɗawa cikin ruwa, in aka juya tsarin sai ya yi gudaji. A zuba cikin firam na katako da ke kwance, kaurin santimita 3 zuwa 5. Kafin rabin awa ya kama. Sai a fitar da zane da kamfas da ma'auni, a shiga huda da siririyar wuƙa tun yana da danshi, don in ya bushe ƙarau bakin ramin ɓarewa yake yi.

Nan ne ake gane gwani. Ba a huda ramin a miƙe. Ana karkata shi ƙasa, yana buɗewa ta ɓangaren ɗaki, saboda tagar tana can sama, mai kallo kuma yana zaune a ƙasa. In aka huda a miƙe, kaurin jibsin zai tare gilashin, abin da za a gani duhu ne da 'yan ɗige-ɗigen haske. Iya tsayin wurin da za a kafa tagar, iya karkatar da za a yi. Leda ba ta da kauri, balle ta sarrafa haske haka. Bayan an gama huda sai a kife allon, a yanka kowane gilashi ya ɗan fi raminsa faɗi, a ɗora, a bi tsakaninsu da jibsi mai ruwa-ruwa ya riƙe su.

Raunin ƙamariyya kuwa sananne ne. In ruwan kwaɓi ya yi yawa, allon zai fito da ƙananan ƙofofi, ya riƙa marmashewa. In aka ƙara ruwa a kwaɓin da ya fara kamawa, ƙarfinsa ya tafi ke nan. Ƙusar ƙarfe a cikin jibsi tana tsatsa, ta kumbura, ta tsaga shi. Babban abokin gaba dai ruwan sama ne: lita ɗaya tana narkar da kusan giram 2 na jibsi, kaɗan-kaɗan har siraran jijiyoyin zanen su cinye. Maginan daular Usmaniyya ta Turkiyya sun san haka, shi ya sa a masallatai irin Sulaimaniyya na Istanbul, wanda aka kammala a 1557, tagar ado tana ciki, wata taga ta daban tana waje tana tare ruwa da iska.

Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon birnin Sana'a cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, ta mayar da shi jerin masu fuskantar haɗari a 2015 saboda yaƙi, sannan mamakon ruwan 2020 ya rushe gidaje a cikinsa. Magidancin da bom ya girgiza masa taga, ya sa alminiyam don shi ya fi araha, ba wanda zai ga laifinsa. Laifin yana kan masu kwangilar gyara da ke liƙe tsagar ƙamariyya da siminti. Siminti ya fi jibsi tauri nesa ba kusa ba, ba sa motsi tare in zafi ya sauya, ga shi yana riƙe laima yana fitar da gishiri, sai tsagar ta koma gefen facin ta fi ta da.

Ga gyaran da ya dace. A cike tsaga da jibsi irin na asali, a cire ƙusoshin ƙarfe a sa turakun katako, a mayar da tsohon gilashi raminsa. Sannan a kafa farin gilashi ta waje da tazarar 'yan santimita, a bar 'yar kafa sama da ƙasa don iska ta ratsa, in ba haka ba raɓa za ta taru a tsakani ta jiƙa jibsin daga baya.