Yaron ƙauye ya fi buƙatar abincin makaranta, amma shi ake kai wa a ƙarshe

Na koyar a firamaren ƙauye shekaru kafin a mayar da ni birni, kuma akwai wani yaro ɗan aji uku da har yau yake raina. Da hantsi ya ɗaga sai ya kifa kansa a kan benci. Na ɗauka lalaci ne, har faɗa na taɓa yi masa. Ranar da na janyo fatar idonsa ta ƙasa na ga fari fat, babu alamar jini, jikina ya yi sanyi. Tafiyar kusan awa guda yake yi kafin ya iso makaranta, cikinsa babu komai, ga tsutsar ciki tana cinye ɗan abin da ya samu. Yaya za a yi karatu ya zauna?

Ciyarwa a makaranta ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Hukumar Abinci ta Duniya ta ce a 2022 yara kusan miliyan 418 ne ke cin abinci a makaranta, kuma da aka rufe makarantu lokacin korona a 2020, kimanin miliyan 370 suka rasa wannan kwanon. Damuwata ita ce yadda ake rabon. Sai a ware kuɗi ɗaya ga kowane yaro, na birni da na ƙauye, a ce an yi adalci. Wallahi ba a yi ba. Makarantar birni tana bakin titi, ga kasuwa, ga famfo, ga mai duba aiki yana leƙowa. Ta ƙauye kuwa, kuɗin mota kaɗai ya ci rabon yaro, da damina hanya ta yanke, wurin ajiya babu, ruwan girki sai an ɗebo daga nesa. Kafin abinci ya kai ga yaron nan ya ragu, wani makon ma ba ya zuwa, kuma babu mai jin kukansa. Na san a birni ma akwai unguwannin da yunwa ta yi wa katutu, amma ko ba komai asibiti na kusa da su.

Wasu ƙasashe sun nuna hanya. Indiya ta fara shirinta na ƙasa baki ɗaya a 1995, sannan a 2001 kotun ƙolinta ta ba da umarni a riƙa ba yaran firamaren gwamnati dafaffen abinci, maimakon hatsi a tafi da shi gida. Wanda ya fi burge ni shi ne na Barazil: a 2009 suka kafa doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyarwa a sayi amfanin gona da shi daga ƙananan manoma. Ku duba hikimar. Uban yaron shi ne manomin, gonarsa na bayan makaranta. Me zai sa a ɗauko abinci daga birni a kawo wa mutanen da suka noma shi? A saya a wurinsu, kuɗin mota ya ragu, kuɗi ya shiga gidan da yaron zai koma da yamma.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa kwano ɗaya zai gyara komai. Tsumburewa tana kama yaro ne a kwanaki 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, tun bai san hanyar makaranta ba. Abin da makaranta za ta iya shi ne ta hana ƙarancin jini da yunwa su ƙarasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara maganin tsutsa sau ɗaya ko sau biyu a shekara a wuraren da cutar ta yi yawa, to me zai hana a haɗa shi da ciyarwa, tare da ruwa mai tsabta da sabulun wanke hannu?

Don haka ni ra'ayina, duk inda za a fara shirin nan a fara daga makarantar da ta fi nisa da kwalta, kuma kason yaron can ya fi na birni kauri. Yaron da na ba ku labari, da aka ba shi maganin tsutsa ya kuma riƙa samun abin karin kumallo, kafin ƙarshen zango ya daina kifa kai, har hannu yake ɗagawa in na yi tambaya.